Baba Uwaisu da Allon da Ke Wanke Kansa

"Da me kika wanke shi, Iya?"

"Da ruwa mana, Malam. Ko da nono ake wanke allo a garinku?"

"Na lantarki ne fa."

"To lantarkin ne ya ce ya yi mana ƙarya? Ƙofa a buɗe ya nuna, na kwashi masu ciki muka tafi asibiti, muka tarar da kwaɗo. Na ce karatun nan ya tsufa, a wanke a sa sabo."

Haka Baba Uwaisu ya tsaya a ƙofar gidan Iya Talatu, ungozomar wani ƙauye a ƙasar Buji, riƙe da allonsa yana ɗigar ruwa. Waɗanda suka ga abin sun ce bai yi faɗa ba. Ya goge allon da bakin rigarsa, ya tambayi yadda matan suka koma gida.

Mai gyaran rediyo ne a Dutse. Da hantsi yake buɗe ɗan shagonsa, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya zauna a kan benci da tabarau a ƙarshen hanci. Da rediyo ya ja baya bai ja baya tare da shi ba. Ya koyi aiki da wani ɗan inji da bai fi akwatin ashana ba, mai karɓar saƙo ta iska kamar rediyo, ya haɗa shi da allon da ake kira takardar lantarki, wanda rubutunsa yake fita baƙi a kan fari kamar na tawada.

Abin da ya kai shi ƙauyuka kuwa, ƙorafin Malama Mashkura ne, ma'aikaciyar lafiya ɗaya tilo a wani ƙaramin asibiti. Ranar da ta tafi ɗauko allurar rigakafi ko ta fita zagaye, mata kan yi doguwar tafiya a ƙasa su iske ba kowa. Waya ba kowace mace ke da ita ba, sabis kuma sai an hau tudu. Sai Baba ya rataya allunansa a ƙofar ungozomomi. In Malama ta danna maɓalli a asibiti, allon ya nuna hoton ƙofa a buɗe ko a rufe, don wadda ba ta yi boko ba ma ta gane.

Na taɓa tambayarsa yadda batir ɗaya yake kai watanni. Ya ce, "Barci yake yi, ɗana. Ya farka, ya ji ko akwai saƙo, ya rubuta, ya koma. Rubutun ba ya cin wuta, zama kawai yake."

A nan kyawun abin yake, a nan kuma haɗarinsa yake. Allon da batirinsa ya mutu ba ya duhu kamar waya. Yana nan da fuskarsa ta jiya, yana cewa ƙofa a buɗe take. Abin da ya faru a gidan Iya Talatu ke nan.

Kai ne, Baba, ba ka ce tsohuwa ta ɓata maka kaya ba. Ka hau babur ka koma Dutse da maganarta a zuciya, ka zauna ka sake tsara injin. Yanzu in ya ji ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, da ɗan abin da ya rage masa yake share kansa fari fat, sannan ya mutu. Mace ta ga fari, ta san allo ya yi shiru, ta aika a tambayo kafin ta ɗaura zani. Ni dai ban san wata kunya da ta fi wannan kyau ba, a ce abu ya gwammace ya yi shiru da ya faɗi abin da ba shi da tabbas a kai. Duk lokacin da na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Kai ne kuma kake bin ƙauyukan nan da damina, laka har gwiwa, da batura a aljihu. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba. Yara da yawa sun sami allura a kan lokaci, iyayensu ba su san kamanninka ba. Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'ar hannu kuma, ga abin koyi: ku bi abin da kuka ƙera har inda aka rataye shi, ku ji abin da masu amfani da shi suke cewa.

Bana hannun Baba ya fara rawa. Dalma takan zube masa inda bai nufa ba, 'ya'yansa kuma sun matsa ya rufe shago ya huta. Labarin ya kai wa Malama Mashkura, ta zo Dutse takanas, ina shagon ta shigo.

"Baba, an ce za ka rufe. In allunan suka lalace wa zai gyara? Matan nan su koma tafiyar banza?"

"Ai sai ki nemo mai gyaran waya."

"Wanne ne zai bi laka saboda allo? Ni ka koya min."

"Ke da allura kika sani?"

"Hannun da yake samun jijiyar jariri ne zai kasa wannan 'yar wayar?"

Baba ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya miƙa mata ƙarfen, ya nuna mata inda za ta ɗiga. Ta ɗiga, ya kai injin kusa da ido ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabtansa na shago za su ji.

"A gaya wa yaran nan ba zan rufe bana ba. Duk Asabar Malama za ta zo, sai ta haɗa allo da hannunta ya yi aiki sannan in tafi gida in huta."