Kurangar Tela da Mangwaron Marigayiya

Baba Mai Adda ake ce masa, kuma ba a banza ba. Tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gaji, aikinsa ɗaya ne a daji: ya riga masu yankan katako shiga, ya bi manyan itatuwa yana sare kuranga. Kuranga kuwa muguwar aba ce. Saiwarta na ƙasa, jikinta itace ne mai kaurin cinyar ƙato, amma ba ta iya tsayuwa da kanta sai ta hau wani. Ta nannaɗe wannan, ta tsallaka ta ɗaure wancan, ta baje ganye can sama ta tare rana. Shi ya sa ake sare ta daga gindi, a bar ta watanni ta bushe ta saki. In aka ja ta ɗanya, da reshe take saukowa.

Da ya bar aiki ya dawo gida, wai zai huta. Ina hutu! Maƙwabcinsa, wani tela mai son ƙawa, ya dasa kuranga a gindin katanga saboda jan furenta. 'Yar banzar ta leƙo, ta miƙa hannu, ta kama mangwaron da marigayiya matar Baba ta shuka da hannunta shekarar da suka tare. Abin da ya rage masa nata ke nan a gidan. Kafin ya ankara ta rufe shi ruf, mangwaro ya daina 'ya'ya, ganyensa ya fara zuba.

Ya je shagon telan ya fi a ƙirga.

"Sare kurangar nan, tana kashe min itace."

"Haba Baba, fure ne fa," in ji tela, ko ƙafarsa bai ɗaga daga kan keke ba. "Kai ma ai kana shan inuwa."

Inuwa! Mutumin da bai san komai ba sai allura da zare, shi zai gaya masa inuwa. Baba ya koma gida yana huci.

Ranar da ya ga babban reshen gabas ya bushe, haƙuri ya ƙare. Ya ɗauko tsohuwar addarsa, ya zagaya gidan tela, sara uku ya raba kurangar da gindinta. Da ya tsaya nan da an gama lafiya. Amma ya ɗaga kai ya ga jan furen nan yana lilo a kan itacen matarsa, ya ji ba zai iya kallonsa ko na yini ɗaya ba. Ya ɗaura wa kurangar igiya, ya kira babban ɗansa direba ya kawo motar kaya.

"Baba, ɗanya ce fa. Mu bari ta bushe mana."

"Ni za ka koya wa? Ja na ce!"

Ɗan ya ja. Kuranga ba ta saki ba, mangwaron ne ya saki. Ya tsage tun daga sama har gindi, rabinsa ya kwanta a tsakar gida, ɗaya rabin bai ga damina ba.

Ruwan farko na sauka, kututturen kurangar ya yi toho a gidan tela, kore shar. Yanzu kullum da safe Baba na zaune kan guntun mangwaron yana kallon sabon yaɗo yana laluben kan katanga. Telan ya daina gaishe shi, shi ma bai nema ba. Haushin bai ragu ba ko kaɗan, sai dai yanzu ba ya da wanda zai je wa da shi.