Tayil ɗin Kawu Iro

Ku da kuka san Kawu Iro, yayan mahaifiyata, kun san a wurinsa abu ba ya lalacewa. Rediyo ne, fitila ce, keke ne, in ka ce ya mutu sai ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya karkata kunne, ya ce, "Suma ya yi."

Zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa, yana malamin gona a Safana, ya sa aka shimfiɗa masa farin tayil a banɗakin wanka. Baƙo kafin ya sha ruwa sai an kai shi ya gani. Da damina ta ratsa, tayil ya fara tasowa. Matarsa Inna Hajara kuwa idonta ya yi rauni, da laluben ƙafa take shiga.

"Malam, a kira birkilan Batsari mana," in ji ta.

"Mi ya sani da ban sani ba?"

Ya jiƙa ƙaro ya manne su. Ƙaro fa, a wurin wanka! Wankan farko ya fito da tayil guda manne a silifas ɗinsa. Ya dube mu ya ce, "Kun dai ga yana kamu."

Sai ya sa aka ɗora dutsen niƙa ya danne sauran. Inna ta ce, "Tuwon fa?" Ya ce, "Dutsen bai bar gidan ba. Mai son niƙa ya san inda yake."

Da hakan bai yi ba, ya aika ƙauyen Babban Duhu aka zo da mata masu daɓe. Wai ƙasa in ta ƙi kwanciya duka take so. Babbarsu ta leƙa ta ce, "Malam, wanga abu tangaran ne fa."

"Ku dai buga."

Suka yayyafa makuba, suka ɗauki waƙa, suka buga tsakani da Allah. Da suka gama tayil duk ya farfashe. Kawu ya kalli ɓarnar, sannan ya ce, "To, yanzu babu wanda ya fi wani tsawo."

Washegari Inna ta shiga, wani tsini da tsintsiya ba ta kwashe ba ya yanke ta a tafin ƙafa. Ranar ba wanda ya yi dariya. Na ga Kawu a durƙushe yana bin ƙasa da tafin hannu, yana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, sai tausayinsa ya kama ni. Da ya gama ya hau kekensa sai Batsari, ya dawo da birkilan, har yana riƙe masa kaya.

Birkila ya ce, "A sa sabon tayil, Malam?"

"A'a. Siminti, mai kaushi. Ita ba ta ganin fari. Yi abin da ƙafarta za ta gane."

Har ta rasu Inna ba ta sake tuntuɓe a wurin ba. Allah Ya jiƙansu su biyun, Ya yalwata musu makwanci, Ya haɗa su a Aljanna, inda za ta gan shi sarai.