Tagar da Yaya ya bari a buɗe

Kwana uku na yi ina gardama da wata 'yar manhaja mai bincike. Aikinta ta leƙa cikin kwamfuta ta faɗi ko kayan da ake buƙata don gina manhajar waya sun cika. Ta ce abu ɗaya babu. Na sauke shi, na saka, na ga wurin da ya zauna da idona. Na sake tambayarta, ta ce babu. Na cire na mayar har sau huɗu, datata tana ƙonewa a banza, ita kuwa ko a jikinta.

Aikin na ƙungiyar makiyaya ne ta wajen Baure, manhajar da za ta riƙa sanar da su ranar rigakafin shanu. Ranar Juma'a shugabansu zai zo Daura ya gani. Yayana ne ya fara shi, ni na gada, tare da kwamfutarsa da shagonsa, bayan babur ya kayar da shi a hanyar Mai'aduwa ya rasu. Kwana talatin da 'yan kai ke nan a lokacin.

Da Laraba ta yi na haƙura da girman kai, na kira wani abokin karatuna da ke Kano. Shi irin mutanen nan ne da sai sun yi maka dariya kafin su taimake ka.

"Mutumina, yaushe rabonka da rufe manhajar da kake rubuta aikin a ciki?"

Na ce na buɗe sabuwar taga a cikinta, ba ta canja komai ba.

"Ai tagogin 'ya'yanta ne, abin da uwar ta sani shi suka sani. Ita kuwa abin da ta tarar ranar da aka buɗe ta, shi kaɗai ta riƙe. Duk abin da ka saka daga baya ba ta da labarinsa. Rufe ta gaba ɗaya, ka sake buɗewa. Yaushe ka buɗe ta?"

Na ce ba ni na buɗe ta ba.

Ya daina dariyar.

Tun ranar rasuwar ban kashe kwamfutar ba. Murfin kawai nake rufewa, sola na riƙe da cajin. Yaya yana da wata al'ada: in zai tashi daga aiki, sai ya rubuta wa kansa inda ya tsaya a cikin baƙar tagar da ake ba kwamfuta umarni, da Hausa, ya danna. Kullum sai ta amsa cewa ba ta san wannan umarnin ba, shi kuma bai taɓa fasawa ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Layin ƙarshe yana nan a sama da rubutuna: "saura sunayen rugage, in na dawo daga kasuwa." A ƙasansa ga ƙorafin kwamfutar da jan rubutu. Kowace safiya nakan ja shafin sama in karanta kafin in fara aiki, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba sai abokin nan nawa a ranar.

"Ɗauki hotonsa da waya kafin ka rufe," in ji abokina, a hankali.

Na ɗauka. Hoton ya fito da inuwar fuskata a jikin gilashin, ban sake wani ba. Na tashi na sha ruwa, na gyara kujerar da ba ta karkace ba, na leƙa titi na ga masu babura suna jiran fasinja. Makiyaya ba ruwansu da tagar kowa, shanunsu ne a gabansu, kuma gaskiyarsu ce. Na dawo na rufe.

Sake buɗewar bai kai minti ɗaya ba. Tagar ta zo wayam. Na kira mai binciken, ta jero kayan ɗaya bayan ɗaya da koren rubutu, ta ce komai ya cika, babu abin da aka rasa. Na fi jin haushinta a lokacin fiye da duk kwana ukun da ta yi tana musu da ni.