Ciyawar da Baba Ilu Ya Zaro

Cikin shekarun da na yi a sashen kula da madatsun ruwa a yankin Kazaure, ban taɓa mantawa da ranar da muka gwada mitar da na haɗa a jirgin Baba Ilu ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'in fasaha. Baba Ilu dattijo ne mai fito, yana tsallakar da 'yan kasuwa a kwalekwale mai inji. Masunta suka kawo ƙara cewa gudunsa na tayar da igiyar ruwa, har tana neman kifar da ƙananan jiragensu. Ƙa'idarmu kilomita takwas ce a awa, wanda ya wuce a karɓe takardar izininsa. Sai dai ofis ba shi da abin awo. Shugaban sashe ya ce ƙarar ma ta isa hujja. Ni kuwa na roƙi mako guda, don na san da fiton nan dattijon yake ciyar da gidansa.

Na samo fankar tsohuwar kwamfuta, na manna mata ɗan maganaɗisu, na jona ta da mitar gudun keke. In jirgi na tafiya, ruwa ya juya fanka, mita ta ƙirga juyin ta nuna gudu. Kwana uku ina daidaita ta tsakanin sanduna biyu da agogo a hannu, abokan aiki na kirana injiniyan bola.

Ranar gwaji muka shiga jirgin, ni da shugaba da wakilin masunta. Aka ce Baba Ilu ya tuƙa yadda ya saba. Mita ta tsaya a shida. Daɗi ya kama ni, har na fara cika fom.

Sai dattijon ya kashe inji, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin ruwa, ya zaro wata ciyawa da ta nannaɗe fankar.

"Ɗana, abin nan naka ya shaƙe. Sake aunawa."

Na rage murya na ce, "Baba, ai an riga an gani."

"Kai ka gani. Ni jikina ya gaya mini mun fi haka."

Muka sake, mita ta haura goma sha ɗaya. Tausayi ya rufe ni, ga shi da hannuna na ƙera abin da zai raba shi da abincinsa.

Sai shugaba ya ce takardar izini ta zauna a hannun mai ita, amma a bar mitar a jirgin ya riƙa dubawa. Wakilin masunta bai musa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya: duk ranar da awo ya ba ku amsar da ranku ke so, ku leƙa ƙarƙashin jirgi tukuna. Baba Ilu dai har ya daina fito, bai taɓa tayar da inji ba sai ya zura hannu ya share fankar.