Hatimin Sumie

Shekara talatin da huɗu Kuramochi Sumie ba ta shafa turare ba, ba ta sha shayi kafin goma na safe ba. Aikinta a masana'antar gidan Minagishi da ke garin Sakai a ƙasar Osaka shi ne ɗanɗana baƙin cakulan. Tsoho Minagishi, wanda ya fara gasa waken koko a tukunyar ƙarfe bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya ɗauke ta da kansa, ranar da ta tofar da wani ɓalli a gabansa ta ce an ƙona waken. Tun daga nan ba kwalin da ke fita sai ta buga hatiminta a takarda.

Murar da ta yi da sanyin bana ce ta ɓata komai. Ta warke, amma ɗacin nan mai zuwa daga baya, a gindin harshe, ya daina zuwa. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Sai ta koma dogara da kunne da ido: ta karya ɓalli ta ji ƙararsa, ta duba sheƙinsa, ta buga hatimi.

A wannan tsakanin ne Hatanaka, shugaban sashenta, wanda jikan tsohon da ya gaji masana'antar ya ɗauko daga Tokyo, ya fara kiranta Malama. Mutumin da a da ko kai ba ya ɗagowa in ta gaishe shi, yanzu shi ne mai tambayar lafiyar maƙogwaronta, har da kawo mata zuma. Sumie ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye kwalbar ba ta buɗe ba. Me ya gani? Wa ya tsaya a bayanta tana karya cakulan a kunne?

Wata Talata aka kawo mata ƙananan kofuna uku, cakulan ɗin a narke. Ba abin karyawa, ba sheƙin dubawa.

"Biyu iri ɗaya ne, ɗaya daban, Malama," in ji Hatanaka. "Wannan a wurinki ai wasa ne."

"In wasa ne, Shugaba, me ya sa ka rufe ƙofa?"

Ya yi dariya, ya ce iska ce. Ta lasa, ta kurkure baki, ta sake lasa. Duk ɗaya ta ji su. Ta nuna na tsakiya. Bai rubuta komai ba, sai ya rusuna mata fiye da yadda ya kamata.

Kwana uku tana jiran takardar sallama. Ran Juma'a ya kira ta ofis, ya tura mata takarda: an ƙara mata shekara biyar a aiki. Har hannunta ya kai aljihu za ta ɗauko hatimi, sai ta ga akwai wata takardar a ƙarƙashi. Sabon haɗi ne, da waken wani dillali mai araha, an bar gurbin hatiminta a ƙarƙashin layin da ke cewa ɗanɗano bai canza ba.

Nan ta gane. Kuskure ta yi ran Talata, kuma kuskuren yake nema.

"Wane kofi ne daban ranar nan?"

"Haba Malama, mu su wa da za mu gwada ki?"

Ta jera takardun biyu, ta mayar masa da hannu biyu.

"Zan yi tunani."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Osaka ya san in an faɗi haka magana ta mutu. Hatanaka kuwa, mutumin Tokyo, ya washe baki, ya ce ba gaggawa, Litinin ma ta yi.

Ran Litinin ya shimfiɗa takardun, ya buɗe jar tawadar hatimi yana jira. Goma ta wuce. A kan teburin Sumie aka tarar da farar rigarta ta aiki a wanke a ninke, da wasiƙa zuwa ga jikan tsohon, tana shaida masa cewa harshenta ya mutu tun sanyi, kuma shugaban sashe ya riga kowa sani.