Anti Kebul da Firintar da ke Cewa Ta Gama

Dillalin da ya sayar wa ɗakin gwajin jininmu firinta ya ce injinsa ya fi waɗanda suka rubuta ƙa'ida sanin ƙa'ida. A gaban manaja ya faɗa, yana shafa kwalin.

Anti Kebul na gefe tana jin sa. Ita ke kula da manhajar da ke kai aiki daga kwamfutoci zuwa firintoci, kuma wayar kebul da ba ta barin jakarta ce ta ja mata sunan. Kullum da safe sai ta zaga injinan tana leƙa su kamar likita a ɗakin marasa lafiya. A ƙa'ida, kwamfuta ta tambaya, firinta ta faɗi gaskiya. To, akwai mai rantsuwa tana da takarda alhali cikinta wayam. Akwai wadda in an tambaye ta sau biyu sai ta yi fushi ta ɓace daga layi. Ta dillali kuwa, mai buga 'yar takardar da ake manna wa kwalbar jini, tun tana tsakiyar aiki take cewa ta gama. In wani aikin ya shigo, sai ta cakuɗa su.

Anti ba ta ce a jefar da ko ɗaya ba. Zama ta yi ta koya wa manhajar halin kowacce: wannan kar a yarda da ita, ta dillali kuwa a jira ta ko da ta ce ta gama. Mai shara ta sha ganinta kwance ƙarƙashin tebur tana lallashin inji.

"Kamar dangin miji ne," in ji Anti. "Ba ka gyara su, sanin hali kake yi."

Ke ce, Anti, sanadin da ba a taɓa ba wani sakamakon jinin wani ba a gidan nan, ba kuma wanda ya sani. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi wannan haƙuri.

Da ritayarta ta matso, dillali ya zo ya ce jiran da ta sa wa injinsa cin fuska ne, ɓata lokaci ne, a cire. Manaja ya fara gyaɗa kai.

"A cire mana, ranka ya daɗe," in ji Anti. "Amma mu gwada da kwalbar ruwa tukuna."

Aka cire. Aka tura ayyuka biyu a jere, ɗaya da sunan dillali, ɗaya da na wata mata.

Takarda ɗaya ce ta fito. Sunan dillali a sama, a ƙasa gwajin juna biyu.

Manaja ya ce a mayar da jiran yanzun nan. Mai shara ta leƙa takardar, ta dubi cikin dillali.

"Allah ya raba lafiya, yallaɓai."