Na Je Neman Kabarin Ramesh

Moss Side

Ana idar da sallar asuba na ja ƙofa, babu wanda zan ce wa sai na dawo. Matata Hajiya ta rasu, yara suna Landan. Ramesh kuwa, Bahindun da muka tsufa tare muna tuƙa bas a Oxford Road a nan Manchester, ina kwance a asibiti ya mutu a gidan 'yarsa a Birmingham. Ban samu jana'iza ba. Na ce ko da rarrafe sai na tsaya a kan kabarinsa mun yi sallama.

Koci, babbar motar da ke zuwa Birmingham, ta tashi ƙarfe bakwai. Yaron da ke gefena ya toshe kunnuwa, har muka isa ko tari bai yi mini ba.

Perry Barr

Mira, 'yar tasa, ta buɗe ƙofa sanye da fararen kaya. Na yi ta'aziyya, ta kawo shayi da samosa.

Na ce, "'Yata, kai ni maƙabarta kafin ruwan nan ya sauko."

Ta ce, "Uncle, ai babu kabari. Ƙonawa muke yi."

Wallahi na sani, kowa ya sani. Amma tun daga Manchester tudun ƙasa nake gani a raina, har da inda zan tsuguna. Kaico, tsufa!

Ta zauna ta yi mini bayani a hankali. Addininsu ba mutum ɗaya ya kafa shi ba, ya taso ne tun zamanin da a yankin kogin Sindu, da waƙoƙin Veda da ake haddacewa baki da baki. A wurinsu jiki riga ce. Rai, wanda suke kira atman, yakan tuɓe wannan ya sa wata, gwargwadon abin da mutum ya shuka. Haka zai yi ta dawowa har ya kuɓuta ya koma ga asalinsa.

Na ce, "Mu kwanciya ɗaya muke yi, sai ranar tashi."

"Baba ya faɗa mini. Ya ce ku biyu kun yarda ba a shuka gero a girbi dawa."

Duk shekarun nan shi ke gadin ƙofa idan ina salla a gareji, ni ban taɓa tambayarsa ina yake zaton za shi ba.

Ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan gida. Tokarsa na cikin wata ƙaramar tukunya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Jibi za a tafi da tokar Indiya a zuba a kogin Ganga.

Addu'ar da na sani ba tasa ba ce, tasa kuma ban iya ba. Na daɗe a tsaye. Sai na faɗi abin da muke faɗa kullum idan mun ajiye mota: "Sai da safe, Ramesh."

Gida

Na iso bayan magariba, na gode wa Allah da ya kai ni kafin jibi. Na kunna fitila, na ɗora ruwan shayi na mutum ɗaya.